Buzu na Biyu a Zauren Baba

Ranar da muka kai Baba makwancinsa, zauren gidansa ya kasa ɗaukar mutane, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin darbejiyar ƙofar gida. Daga Allah muke, gare shi kuma Baba ya riga mu komawa. Kowa ya zo sai ya zauna a shafa fatiha, ya ce ya haƙuri, mu ce da godiya, daga nan ya ɗauko abin da ya sani game da mamacin. Tsofaffin dillalan shanu da suka ci kasuwar Mai'adua tare da shi suka ce ba su taɓa jin ya rantse a kan dabba ba. Maƙwabta suka tuna da tuwon da ake fitarwa daga gidan tun Inna tana raye. Wani baƙo kuma ya karkata ga na kusa da shi, ya ɗauka ban ji ba, ya ce wai shi ne tsohon nan mai wasa da duwatsu? Ya faɗa yana danne dariya, na dube shi har sai da ya gyara zama.

Can a kusurwar zauren akwai wani babban kwando a kife. Da wuri ya yi ƙaranci, wani mai son gyara ya miƙa hannu zai ɗauke shi. Ƙanin Baba, wanda shi ne limamin masallacin unguwar, ya ɗaga kai daga carbinsa.

"A bar shi inda yake," in ji shi. "Ba a gama ba."

Waɗanda suka san irin rigimar da Liman ya yi da yayansa a kan abin da ke ƙarƙashin kwandon nan suka dubi juna. Wani tsohon malamin gona da ya taho a kan babur daga Sandamu ya matsa ya zauna kusa da kwandon yana share hawaye da hannun riga. Ni kuwa ina daga bakin ƙofa a tsugune, inda na saba.

Ni ne mijin 'yarsa ta fari. Tela ne ni, shagona yana kan hanyar da ke zuwa rijiyar Kusugu. Ba zan rubuta sunan Baba a nan ba, domin bakina bai taɓa faɗarsa ba, hannuna ma ya ƙi. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa hawa shimfiɗa ɗaya da shi ba. Daga nesa nake cire takalmi, in tsuguna a bakin zaure, mu gaisa idona a ƙasa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Idan zance ya biyo ta kaina sai ya ce telan nan, matata kuwa da yake 'yar fari ce, yarinyar nan yake ce mata har ta tara 'ya'ya. Ba ƙorafi nake yi ba. Haka muka taso, kuma ina ganin kyan abin har gobe.

Shekarun ƙarshen Baba sun zo masa da kaɗaici. Gwiwa ta hana shi kasuwa, Inna ta rasu, abokan dararsa na gindin darbejiya suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya har ramukan darar suka cike da ƙasa. Gidan yana da mutane, ƙanin matata da iyalinsa suna ciki, amma tsoho ba hayaniyar jikoki kaɗai yake buƙata ba. Zan wuce da safe in gan shi zaune a kan buzunsa yana kallon titi, in dawo da yamma in tarar bai sauya ba, sai inuwa ce ta zagaya.

Ana nan wani direban da ke ɗauko gwanjo ta Kongolam ya kawo masa tsaraba: wani ɗan akwati, a ciki allon katako mai naɗewa an zane shi da layuka, da jaka biyu cike da wasu 'yan duwatsu masu santsi, baƙaƙe da farare. Baba ya juya su ya juya, ya ba matata guda biyu ya ce a tambayi telan nan ko maɓallai ne. Na duba na ce maɓalli ba ya rasa huda. Na ɗauki hoton allon a waya na yi ta bincike har na gano. Wasa ne na mutanen Sin da maƙwabtansu, sunansa go. Mutum biyu ne ke yi, wannan ya ajiye baƙi wannan ya ajiye fari, ɗan da ka ajiye kuma ba ya motsi. Kowa yana ƙoƙarin kewaye fili, wanda ya fi fili shi ya yi nasara. Idan aka zagaye 'ya'yanka har suka rasa inda za su yi numfashi, an cinye su. Wasa ba ya ƙarewa sai kowannenku ya ce ya wuce, ba shi da sauran abin ajiyewa.

To ga inda gizo ke saƙar. Ni ba zan zauna in koya wa surukina wasa ba. Sai na yi wa matata bayani, ita kuma kunyar 'yar fari ba za ta bar ta ta yi dogon zance da mahaifinta ba, ta yi wa ƙaninta, shi ya kai wa Baba. Maganar da ta bi ta baki uku kuwa sai abin da hali ya yi. Na ce a kan mahaɗar layuka ake ajiye 'ya'ya, amma kafin saƙon ya isa zaure wannan ta faɗi a hanya. Baba ɗan dara ne, ya ga gidaje, ya zuba 'ya'yansa a cikin gidaje. Haka ya koya wa mai shayin bakin layi, haka ya koya wa malamin gona, haka suka yi damina guda suna fafatawa. Ina gani daga bakin ƙofa, ba halin in ce Baba ba haka ba ne. Sai da malamin gona ya ga ana yi a waya ya zo da labari. Baba ya ce ashe duk daminar nan gonar wani suke nomewa. Ya kwashe 'ya'yan ya fara daga farko, bai nemi jin wanda ya yi kuskuren ba.

Shi ya raɗa wa wasan suna darar shinge, domin a ganinsa ba komai ba ne illa rigimar iyakar gona da ba a zuwa gaban mai unguwa. Ran Juma'a bayan la'asar ake haɗuwa. Da mutane suka fi ƙarfin allo ɗaya aka zana wasu a kan kwali, ƙwallon tsamiya ya zama baƙi, wake ya zama fari. Wata rana aka tashi salla aka bar wasa a buɗe, akuyar gidan ta shigo ta share rundunar mai shayi tas, ta bar tsamiyar. Mai shayi ya ce a sake, Baba ya yanke hukunci cewa abin da aka ci an ci. Washegari na aika da maɓallai baƙaƙe da farare cike da gwangwani biyu, na ce a ce daga shago ne. Aka dawo mini da amsa cewa an gani.

Akwai wani kurma mai wankin hula a unguwar, wanda duk zaman majalisa yake gefe yana murmushi ga abin da bai ji ba. Baba ya kira shi da hannu, ya zaunar da shi, ya kama yatsunsa ya ɗora masa ɗan dutse a kan mahaɗa. Makonni ya yi yana koya masa ba tare da kalma ɗaya ba. Ranar da kurman ya fara cinye 'ya'yan mai shayi, ihun da ya yi sai da mata suka leƙo daga cikin gida. Baba yakan ce wannan wasa ba ruwansa da baki, shi ya sa yake da albarka.

Liman bai ga albarkar ba. Ya zo har zaure ya ce wa yayansa wannan ɓata lokaci ne, kuma daga irinsa ake gangarawa caca, tsoho da furfura bai kamata a san shi da tara mutane kan duwatsu ba. Baba ya ce ba a taɓa ɗora ko goro a kan wasan ba, kuma ya je ya duba sahun gaba da magariba ya ga su wa ke cika masa shi. Magana ta yi zafi har Baba ya ce masa ai lokacin da yake zaune shi kaɗai yana ƙirga motocin titi, ba wanda ya zo ya ce yana ɓata lokaci. Liman ya tashi ya fita. Daga ƙaramar Salla har babba gaisuwa kawai ke haɗa su. Ba wanda ya yi musu sulhu. Wata Juma'a kawai muka ga Liman ya zo da littafinsa ya zauna a dakalin ƙofa, wai a nan iska ta fi kaɗawa. Bai taɓa taɓa ɗan dutse ba har yau, amma duk wanda zai tafka wauta a kan allo sai ya ji gyaran murya daga dakali.

Zauren ya cika, sai dai kaɗaicin Baba bai tafi ba, kama ya sauya. Ya fi kowa iyawa, nesa ba kusa ba. Yana da ranar gaba ɗaya yana jera 'ya'ya shi kaɗai yana rushewa, su kuwa suna da shaguna da gonaki. Ya riƙa ba su damar zuba 'ya'ya da yawa kafin ya fara, duk da haka ya cinye su. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ladabi. Idan malamin gona ya samu damar cin 'ya'yansa sai ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce Baba a gafarce ni, wani lokacin ma ya kau da kai ya ajiye a wani wuri. Na taɓa jin Baba ya ɗaga murya a kan haka, abin da ba halinsa ba.

"Wanda ya ga ci ya ƙi cina, raina ni ya yi," ya ce. "Ni abokin karawa nake nema, ba mai jinya ba."

Ni a lokacin na yi nisa ban sani ba. A shago, idan wuta ta ɗauke ko ina jiran mai kaya, a waya nake karawa da mutanen da ban san ƙasarsu ba, suna lallasa ni ina koyo. 'Yan majalisar Baba suka fara biyowa shagon mu taɓa, kuma ni ba na neman gafarar kowa. Na cinye mai shayi, na cinye malamin gona har ya manta hularsa. Labari ya kai zaure. Duk garin nan mutum ɗaya ne zai iya sa Baba gumi, shi ne kuma mutumin da ba zai iya zama a gabansa ba. Shi ya sani, ni ma na sani, ba wanda ya ce uffan.

Wata safiya matata ta ce ƙaninta ya ce Baba ya ce an bar wani abu a zaure, duk wanda ya ga zai iya ya amsa. Na biya kamar yadda na saba. Baba ba ya nan, ya shige ciki. Allon katakon nan na asali yana shimfiɗe, baƙin ɗa guda a kusurwa, kwanon fararen kuma an turo shi ta wajen ƙofa. Na tsuguna, na waiwaya kamar ɓarawo, na ajiye fari na fita. Da yamma da na dawo yana masallaci, baƙi na biyu yana jirana.

Haka muka yi shekaru. Na zo ba ya nan, ya zo ba na nan. Idan na tarar da shi a zaure sai mu gaisa kamar kullum, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, allon yana tsakaninmu ba mai kallonsa, sannan ya tuna yana da abin yi a cikin gida. Wasa ɗaya yakan ɗauke mu watanni. Aka kawo kwandon nan don akuya da jikoki, 'yan majalisa kuma sukan ɗaga shi ran Juma'a su yi ta gardama a kan wa ke gaba. Wasan farko ya cinye ni. Na biyu na samu wata rundunarsa a gefe da numfashi ɗaya ya rage mata, na tsaya a kanta, na tuna maganarsa, na cinye. Ranar ban iya ɗinki ba. Da yamma sai ga zabi biyu an kawo gidana ƙafafu a ɗaure, ba saƙo. Matata ta ce matar ƙaninta ta gaya mata an ji Baba yana dariya shi kaɗai a zaure, irin dariyar da rabon da a ji ta tun Inna tana da rai.

Ban taɓa hira da Baba ba, amma na san shi a kan allon nan fiye da yadda na san wasu da muke kwana muna surutu. Na san yana da haƙuri da rowar fili, na san idan ya ji haushi yakan faɗo tsakiyar gonata ba sallama. Lokacin da mahaifiyata ta rasu muna tsakiyar wani faɗa a kan allo wanda saura kaɗan ya gama da ni. Ya zo ta'aziyya ya yi addu'a ya tafi, kamar kowane suruki. Da na koma zaure bayan an share makoki, na tarar ya bar faɗan, ya ajiye ɗansa can wata kusurwa da ba komai. Ya ba ni numfashi ke nan. Na daɗe a tsugune a wurin ina kuka, abin da ban yi ba a gaban mutane.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce na zo wata safiya na ga sabon buzu a shimfiɗe ta gefen ƙofa, daidai gaban kwanon farare. Fari ne sol, mai yawan gashi. Na ce a raina Baba yana jiran baƙo. Na ja shi gefe don kada ƙafata ta ɓata shi, na tsuguna na ajiye ɗana. Washegari ya koma inda yake. Na sake janye shi, na ce masu shara ne. Haka muka yi ta yi, ina janyewa ana mayarwa.

Sai wata rana na same shi a zaune, bai kuma tuna da wani abin yi a cikin gida ba. Ya rame, na lura da haka ko da idona yana ƙasa. Muka gaisa, gaisuwar ta ƙare, ya ƙara wata. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi ɗinkin Salla ko an karɓe duka. 

"Ƙasan nan da sanyi kwanakin nan," ya ce.

"Haka ne, Baba," na ce.

 Na ji yana motsa 'ya'ya a cikin kwanonsa. Da shirun ya yi tsawo na ce a huta lafiya, na ɗauki takalmina. Sai da ya tafi masallaci na dawo na ajiye farina. Kafin wani makon ciwo ya kwantar da shi. Safiyar da aka ɗauke shi zuwa asibiti ni ne na yi ajiyar ƙarshe, ba a amsa ba.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka janye, 'yan majalisa suka taru ran Juma'a ba wanda ya kira su. Aka fito da kwalaye da gwangwanayen maɓallai, amma ba mai son fara wasa. Malamin gona ya ɗaga kwandon ya ce ko ya ƙarasa a madadin marigayi, ko kuma a ƙirga a ga wanda ya fi fili a kwashe. Na ce ba a ƙirgawa sai kowa ya ce ya wuce, Baba kuwa bai ce ba. Ina magana ne daga bakin ƙofa. Liman yana kan dakali, ya rufe littafinsa ya kira ni da malam tela, ya ce in matso.

Ya ce bayan layya yayansa ya same shi a gida, abin da ya daɗe bai yi ba, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da tambayarsa: shin akwai inda addini ya hana mutum zama shimfiɗa ɗaya da mijin 'yarsa? Liman ya ce masa babu, al'ada ce kawai. Baba ya ce ai ita ce mai nauyin. Daga nan ya kai fatar ragonsa wajen majema da kansa, da sandarsa da gwiwar nan tasa, ya ce a yi mata jima mai kyau. Kuma shi ne yake mayar da buzun kullum, ba masu shara ba.

"Ya ce mini so yake ya ga fuskarka sau ɗaya lokacin da kake cin 'ya'yansa," in ji Liman. "Na ce ya gaya maka mana. Ya ce ai ya riga ya gaya maka."

Ya gaya mini kuwa, ranar da ya ce ƙasan nan da sanyi. Iyakar abin da bakinsa zai iya faɗa ke nan, ni kuma iyakar abin da kunnena zai iya ji ke nan. An yi mana tarbiyya mai kyau mu biyun, kuma ban san wanda zan kai wa ƙara ba. Kewarsa nake ji, kewar mutumin da ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da Inna a gidan da ba kaɗaici. Majalisa tana nan, kurma ma ya fara koya wa wani maƙwabcinsa. Na rubuta wannan ne don 'ya'yana su san kakansu ba tsoho mai wasa da duwatsu kaɗai ba ne.

A ranar dai Liman ya nuna mini buzun da haɓarsa.

"Shiga ka zauna," ya ce.

Na shiga. Gwiwoyina suka so su tsuguna, na tilasta musu. Buzun yana da laushi, har yanzu yana ɗan warin jima, ba wanda ya taɓa hawansa. Daga nan na fara ganin allon daidai, ba a karkace ba yadda nake ganinsa daga ƙofa duk shekarun nan. Na ɗaga kai. Ga tsohon buzunsa a ɗaya gefen, gashin tsakiyarsa ya cinye saboda zama, ga kwanon baƙaƙe a buɗe kusa da shi. Sauran suka ja kwalayensu suka fara wasa a hankali, ni na ɗora hannuwana a gwiwa na jira har aka kira magariba. Ni na yi tawa, Baba ne da ajiya.